Moɗar Ruwan Randa: Koyon Godiya a Kan Ƙananan Abubuwa

'Yan'uwa, ku saurari yadda muke gaisuwa da safe. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya aiki? Da godiya. Yaya ruwa? Ya yi gyara. Yaya sanyi? Lokacinsa ne. Kafin mutum ya kai gona daga ƙofar gidansa ya riga ya furta godiya sau biyar ko shida. Kakanninmu sun dasa ta cikin gaisuwa don kada mu manta. Amma ka tsayar da mutumin nan a hanya ka ce masa, "To, a kan me ka gode yau?" Sai ka ga yana sosa ƙeya. Bakin ne ya saba da kalmar, zuciya kuwa tana can wajen kuɗin taki da kuɗin makarantar yara.

Ba za mu ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, kuɗin mota ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi, magani ya yi tsada. Wasu daga cikin masu karanta wannan takarda ba a garinsu suke ba, tashin hankali ya kore su daga gonakinsu. Idan maza suka zauna a gindin bishiya da yamma, hirar ba ta wuce tsada da rashin tsaro. Gaskiya suke faɗi. Sai dai akwai wata hasara ta biyu da take bin ta fari a ɓoye. Gidan da ba a jin komai a cikinsa sai gunaguni yakan zama da wuyar zama. Miji ya ci tuwo bai ji daɗinsa ba, mata ta yi aiki tun asuba ba wanda ya kula, yara su tashi da tunanin cewa babu wani abin kirki a ƙauye. Talauci ya ƙwace wa mutum kuɗinsa, sa'an nan gunaguni ya zo ya ƙwace ɗan abin da ya rage.

Me ya sa daɗi yake dushewa?

Matar da take yin daddawa ba ta jin warinta. Baƙo ne yake ji tun daga zaure. Wanda gidansa yake kusa da injin niƙa yana barcinsa lafiya, amma ranar da injin ya lalace sai ya ce unguwa ta yi shiru. Haka aka halicci hankalin mutum. Abin da yake nan kullum, hankali yakan daina lura da shi, domin ya sami zarafin lura da sabon abu. Wannan yana da amfani ƙwarai. Mai tafiya a cikin ciyawa ba ya bukatar ƙirga kowane ganye, macijin da ya motsa ne ya kamata ya gani. Amma wannan baiwa tana da farashinta. Ƙaya ɗaya a tafin ƙafa takan sa mutum ya manta cewa idonsa yana gani, cikinsa ba ya ciwo, haƙoransa kuma suna tauna.

Dukanmu mun san labarin Isra'ilawa a jeji. A Fitowa sura 16 an ba su manna lokacin da suke tsoron yunwa za ta kashe su. A Littafin Ƙidaya sura 11 kuwa, ga su nan suna kuka a ƙofar alfarwansu sun gaji da ita, suna marmarin kifi da albasa da tafarnuwar Masar, ƙasar da aka bautar da su. Mannar ba ta canja ba. Ita ce dai take sauka kowace safiya. Abin da ya faru shi ne sun saba da ita. Mukan karanta wannan wuri mu girgiza kai mu ce mutanen nan butulu ne. Ni dai duk lokacin da na karanta, tuwon masarar gidanmu nake tunawa, da yadda nake zama a gabansa ina cewa, "Yau ma miyar kuka?"

Wani zai ce da yana da kuɗi da bai yi gunaguni ba. A shekarar 1978 wani masani mai suna Philip Brickman da abokan aikinsa biyu sun yi bincike a jihar Illinois ta Amurka. Sun tattauna da mutum 22 da suka ci kuɗi masu yawa a caca, suka gwada su da wasu mutane na unguwanninsu da ba su ci komai ba. Sun tambaye su yadda suke jin daɗin abubuwa na yau da kullum, kamar karin kumallo, hira da aboki, jin labarin ban dariya, da sayen tufafi. Masu cin cacan sun ce ba su jin daɗin waɗannan abubuwa kamar yadda sauran suke ji. A farin cikin rayuwa gaba ɗaya ma, ba su ɗara sauran da wani abin a zo a gani ba. Mutanen da aka tambaya ba su da yawa, kuma babu mai cewa kuɗi ba shi da amfani ga wanda ɗansa yake kwance ba magani. Amma binciken ya nuna abin da tsofaffinmu suka daɗe da sani, cewa ido ba ya ƙoshi.

Wa yake tunawa da kurkunu?

Bari mu ɗauki misali daga rayuwarmu. Waɗanda suka haura shekara arba'in sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan kusan shekara guda sai ƙafa ta yi ƙurji mai zafi kamar wuta, farar tsutsa ta fara fitowa, wani lokaci tsawonta ya kai mita guda. Ana naɗe ta a tsinke a hankali, kwana da kwanaki, ana tsoron kada ta tsinke a ciki. Sau da yawa a tsakiyar damina take kwantar da mutum, lokacin da gona take bukatar hannu. Akwai gidajen da suka rasa noman shekara guda saboda ita.

A ƙidayar da aka yi a shekarar 1988 zuwa 1989, an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Aka shiga aiki. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka koya wa masu ciwon kada su shiga ruwan da jama'a suke sha. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da cibiyarsa sun tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana yi wa mutane magana. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a Nijeriya an same shi a jihar Inugu a shekarar 2008. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A shekarar 2023, mutum 14 kacal aka samu da kurkunu a duk faɗin duniya.

Yanzu ka tambayi yaron makarantar Lahadi ko mene ne kurkunu. Bai sani ba. Mu da muka sani ma, yaushe rabon da mu ɗebi ruwa a randa mu tuna da ita? Abin da iyayenmu suka yi shekaru suna roƙo a kai ya samu, amma ba mu taɓa jin an tashi a sujada an yi godiya dominsa ba. Albarkar da ta zo ta hanyar ɗauke wani abu ita ce mafi saurin mantuwa, domin ba ta bar komai da ido zai gani ba. Haka agana, wadda aka sanar da ƙarewarta a duniya a shekarar 1980.

Abin da masu bincike suka gwada

Tambayar ita ce, ana iya koya wa hankali ya sāke lura da abin da ya saba da shi? Malamai biyu na jami'a a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun gwada, suka buga sakamakon a shekarar 2003. Sun raba ɗalibai kusan 200 kashi uku. Kashi na fari, sau ɗaya a mako, su rubuta abubuwa biyar da suke godiya dominsu. Kashi na biyu su rubuta abubuwa biyar da suka dame su. Kashi na uku su rubuta abubuwa biyar da suka faru kawai. Bayan mako 10, 'yan kashi na fari sun fi jin rayuwarsu tana tafiya daidai, sun fi sa zuciya ga mako mai zuwa, kuma ba su cika kukan ciwon kai da ciwon jiki kamar sauran ba. Malaman sun sāke gwadawa da manya 65 masu fama da ciwon jijiyoyi da tsoka, irin wanda ba ya warkewa. Waɗanda suka riƙa rubuta godiya kowace rana har kwana 21 sun ce barcinsu ya ƙaru, suna kuma tashi da ƙarfi. Ciwonsu yana nan, amma darensu ya yi sauƙi.

A shekarar 2005 Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania da abokansa sun gwada wata hanya. Kowane dare har mako guda, mutum ya rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a ranar, ya kuma faɗi dalilin da ya sa suka tafi daidai. Bayan wata shida an tarar da yawansu suna cikin walwala fiye da dā, musamman waɗanda suka ci gaba da yi da kansu. Wasu kuma an sa su rubuta wasiƙar godiya ga wani da ya taɓa yi musu alheri, su kai masa hannu da hannu. Wannan ya fi saurin faranta rai, sai dai bayan wata guda tasirinsa ya fara raguwa.

Dole mu faɗi ɗaya gefen. A shekarar 2020 masu bincike biyu a Jami'ar Jihar Ohio sun tattara gwaje-gwaje 27 irin waɗannan suka duba su tare. Sun ga cewa ga masu fama da ciwon baƙin ciki mai tsanani ko yawan fargaba, taimakon da ƙirga godiya yake yi kaɗan ne. Saboda haka kada wani ya ɗauka magani ne mai warkar da kowace cuta. Ya fi kama da gishiri a miya. Ba ya cika tukunya, amma yana sa a ji ɗanɗanon abin da yake ciki.

Yadda za mu yi a gidajenmu

Waɗancan mutane rubutu suka yi. Da yawa a cikinmu ba su rubutu, waɗanda suke yi ma ba su da littafin ɓatawa. Babu damuwa. Lokacin tuwon dare ya isa. Kafin a sa hannu a kwano, ko bayan an gama, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji daɗinsa a ranar, a fara daga ƙaramin yaro. Wasu gidaje sukan ajiye gwangwani, duk wanda ya faɗi nasa ya jefa ƙwayar masara ɗaya a ciki. Ranar da rai ya ɓaci sai a girgiza gwangwanin.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a kira abin da sunansa. "Na gode Allah domin rai da lafiya" magana ce mai kyau, amma mun faɗe ta har ta zama kamar gaisuwa. Ka gwada cewa, "Na gode domin ruwan randa da na sha da na dawo daga huɗa, har na ji sanyinsa a ƙirjina." Ko ƙamshin ƙasa a daren da aka yi ruwan fari. Ko tumun gero da aka gasa wa yara a bakin gona, ko sabuwar gyaɗa dafaffiya, ko jin ɗumi da safiyar hunturu da kofin kunun tsamiya a hannu. Ko akuyar da ta haihu ba wahala, ko jaririn da ya kwana bai yi tari ba. Idan ka kira abu da sunansa, dole hankalinka ya koma wurinsa, ka ga ka ji daɗinsa sau biyu. Kada kuma a mai da shi dole kamar biyan haraji. In ya fara zama maimaici, a bar shi zuwa ranar Lahadi kawai.

Sai kuma a rage sauri. Da yawanmu muna cin abinci kamar ana korarmu. Lomar fari ita ce mai daɗi, a ba ta lokacinta.

Akwai wata hanya kuma, wato bin sawun abu zuwa inda ya fito. Ɗauki malmalar tuwo guda. Wani ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, ya yi girbi. Wata ta yi sussuka da shiƙa, ta yi surfe, ta wanke ta shanya, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta zauna cikin hayaƙi tana tuƙi. A nan ina so in yi magana da maza. Mun iya gode wa baƙo, mun iya gode wa mai shagon da ya ba mu bashi, amma matar da take ciyar da mu shekara ashirin ba ta taɓa jin "sannu da aiki" daga bakinmu ba. Wani dattijon ikkilisiya ya gaya mini cewa ranar da ya fara gwadawa, ya ce wa matarsa, "Maman yara, miyar nan ta yi daɗi, sannunki." Sai ta ajiye ludayi ta dube shi ta ce, "Maigida, lafiya kuwa? Ko wani abu ya faru ne?" Muka yi dariya, amma abin tausayi ne. A Luka sura 17 kutare goma aka warkar. Babu shakka dukansu goma sun yi murna. Guda ɗaya ne, Basamariye, ya juyo ya faɗa da bakinsa. Murna a zuci ba ta kai wa wanda ya yi maka alherin, sai ka buɗe baki.

A cikin majami'a

Ku lura da lokacin shaida a sujadarmu. Masu tashi su ne wanda ya tsira daga haɗarin mota, da wanda ɗansa ya sami aiki, da wadda ta haihu bayan shekara goma. Duka abin murna ne. Amma gwauruwar da take zaune a benci na baya, wadda ba abin da ya same ta a makon nan sai dai kazarta ta ƙyanƙyashe, takan koma gida tana ganin kamar Allah ya manta da ita. Zai yi kyau Fasto ko mai bishara ya keɓe wata Lahadi ya ce yau ƙananan shaidu kawai ake so, kowa jimla ɗaya. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa ma za su iya buɗe taronsu da haka, minti biyar ya isa.

Haka ma ranar godiyar kaka. A wasu wurare ta koma gasa. Ana kiran suna, ana shelar buhu nawa kowa ya kawo, ana tafi. Mai mudu ɗaya na wake sai ya ji kunya ya zauna a gida. A ganina wannan al'ada tana koya wa jama'a kwatanta kansu da wasu, kuma babu abin da yake kashe godiya da sauri kamar kwatance. Wayoyin da suke hannun matasanmu suna yin wannan aiki dare da rana, suna nuna musu motoci da gidajen mutanen da ba su sani ba. Bai kamata majami'a ta ƙara a kai ba. A tara baikon wuri ɗaya, a yi addu'a a kansa gaba ɗaya.

Kada a mai da godiya sanda

Akwai masu amfani da kalmar godiya don su rufe wa mutane baki. Rijiyar burtsatse ta lalace wata shida, an ce ku gode Allah kuna da rafi. Asibitin ƙauye ba magani, an ce ku gode kuna da gini. Mace tana shan duka, an ce ta gode tana da miji. Wannan zalunci ne aka sa masa rigar ibada. Mutum yana iya gode wa Allah domin ruwan da ya sha da safe, da rana kuma ya bi kwamitin ruwa zuwa ofishin ƙaramar hukuma a nemi gyara. Wanda ya san darajar rijiya ma shi ne ya fi tsayawa a gyara ta, shi ne kuma ba ya ƙin biyan kuɗin da aka yanka na kula da ita.

Kada kuma a je gidan makoki a ce wa uwar da ta binne ɗanta ta ƙirga sauran 'ya'yanta. A zauna da ita, a ɗebo mata ruwa, a yi shiru. Zabura cike take da kuka da ƙorafi, kuma ba a cire su daga Littafi Mai Tsarki ba. Idan ɗan'uwa ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko yana maganar gara ya mutu, kada a ce masa rashin godiya ne yake damunsa. Ciwo ne, kamar hawan jini. A raka shi wurin ma'aikacin lafiya, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

Godiya a cikin wahala, mai wahalar ne yake samo ta da kansa, a lokacinsa. Mun taɓa kai kayan agaji wata makarantar firamare inda mutanen da aka kora daga ƙauyensu suke zaune. Sun yi kusan wata biyar a wurin. Bayan an gama rabo, matan suka zauna yin addu'a, shugabarsu ta ce kowa ta faɗi abu ɗaya. Wasu suka ambaci masara, wasu barguna. Wata tsohuwa ta yi shiru har aka kusa tashi. Shugabar ta ce, "Kaka, ke fa?"

Ta ce, "'Yata, ni dai yau da asuba na ji carar zakara."

Ba mu gane ba sai da aka yi mana bayani. Da suka gudo ba su ɗauko ko kaza ɗaya ba, tun zuwansu kuma ba a taɓa jin cara a wurin ba. A makon nan ne wani daga cikinsu ya yi ƙwadago a gonar mutanen gari, ya sayo zakara da kaza biyu, ya yi musu akurki a bayan aji.